Bayan motata ya ƙi zama a kwana, ku ba ni shawara

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Shawararku nake nema kafin in sake zuba kuɗi. Ƙaramar motar rimot ce, ƙirar Tamiya TT-02, ni da Sadiq muka haɗa ta da hannunmu tun damina, muna tuƙa ta a filin kwando na siminti da ke unguwarmu duk Asabar bayan La'asar. A lokacin lafiya ƙalau take tafiya, shi kansa yaron yana zagaya fili da ita ba ta ba shi wahala. Wata ɗaya da ya wuce na yi mata canji uku rana guda: na cire batirin NiMH na sa LiPo, na ɗaura inji marar burushi mai lamba 17.5 da kwantirolarsa (na'urar da ke sarrafa gudunsa) da na saya na hannu, sannan na sa shokozoba masu mai, irin CVA. Tun ranar bayanta ya ƙi zama. Da na doso kwana na saki totur sai ta wulwula, bayan ya dawo gaba. An ce in sayi ƙafafun baya na alminiyom masu digiri 3, wato mariƙan tayoyin baya da ke ɗan karkato da su ciki. In aka haɗa kuɗin kawowa da yadda dala take, abin ba ƙarami ba ne. Su ne maganin?

Ƙaramin Direba:
Wa'alaikumus salam Yaya. Ka sa mata jairo kawai ka huta. Ƙaramar na'ura ce da ake jonawa tsakanin risiba mai karɓar saƙon rimot da ƙaramin injin da ke juya sitiyari, da ta ji baya ya fara zamewa sai ta murɗa sitiyarin da kanta. Tawa tun da na sa ba ta sake juyawa ba.

Ɗan Ingila:
Ƙanena, jairo yana rufe ciwo ne, ba ya warkar da shi. Kuma a tseren gudu na gaske ba a yarda da shi, sai a gasar zamiya, inda ake zamar da bayan mota da gangan. A kulob ɗin da nake zuwa nan in aka gan shi a motarka ba za ka hau layi ba.

Abban Sadiq, kafin kowa ya ba ka magani ka amsa mana abu uku. A ina cikin kwanar take sakin baya: wajen shiga, tsakiya, ko wajen fita idan ka taka? Tana yi dama da hagu daidai, ko ta fi yi a gefe ɗaya? Idan ka saki totur a miƙaƙƙen layi, gangarawa take yi a hankali ko turjewa?

Abban Sadiq:
Wajen shiga ne, da zarar na saki. Ta fi yi a kwanar dama sosai, a hagu sai in na shigo da gudu. Kuma gaskiya turjewa take yi, har hancinta yana duƙawa. Na ɗauka haka sabon injin yake.

Baba Makanike:
Ɗana, ajiye kuɗinka tukuna. Na yi shekaru a ƙarƙashin manyan motoci a Kaduna kafin jikokina su jawo ni cikin waɗannan ƙanana, kuma abu ɗaya ne a duka: motar da ke yin laifi a gefe guda ba saiti ne ya dame ta ba, ɗingishi take yi. Da ƙarancin kamun taya ne kawai, da dama da hagu za ta yi maka iri ɗaya.

Yau da dare ka ɗora ta a kan tebur. Cire tayoyi huɗu, cire shokozoba huɗu. Ɗaga kowane hannu mai riƙe taya da yatsa ka sake shi, dole ya faɗi da nauyin kansa. Wanda ya maƙale, ko ka ɗaure kusarsa da yawa ko ƙura ta shige. Juya kowane boris da hannu, in ka ji yana ƙaras-ƙaras to yashi ya shiga, ka wanke shi ka ɗiga masa mai. Daga nan ka jera shokozoban baya biyu kusa da juna a miƙe, ka auna daga ido zuwa ido. Ka ce kai ka haɗa su. Wurin murɗa idon ƙasa a jikin sandar, mutum yakan yi wa ɗaya zagaye biyu ko uku fiye da ɗan'uwansa bai sani ba.

Kada ka manta da tayoyin. Ja leɓen kowace da babban yatsa, ka zagaye gaba ɗaya, ciki da waje. In gam ya saki ko da wuri kaɗan ne, tayar za ta riƙa naɗewa a kwana.

Malama Fiziks:
Baba ya faɗi na hannu, bari in ƙara dalilin, don in mutum ya gane shi ba sai ya haddace komai ba. Taya tana kama ƙasa ne gwargwadon nauyin da ke danne ta. Idan ka taka totur nauyi ya koma baya, idan ka saki ko ka ja birki ya zubo gaba. Duk wanda ya taɓa riƙe roba cike da ruwa a bayan a-daidaita-sahu ya san wannan. A daidai lokacin da kake sakin totur, tayoyin gaba sun samu ƙarin nauyi suna cizon ƙasa, na baya an ɗauke musu nasu, kuma a lokacin ne kake neman su riƙe motar ta gefe. Shi ya sa turjewar da ka ambata ta ja hankalina. Yawancin kwantirolar inji marar burushi suna da wani birki da ke kama kansa da zarar yatsa ya koma tsakiya. Tunda ta hannu ce, mai yiwuwa wanda ya riga ka ya ɗaga shi. Ka nemi katin saitinta ko ka bi ta maɓallin jikinta ka duba.

Abu na biyu, a wannan motar batir yana kwance a gefe ɗaya, inji a ɗaya gefen. LiPo ya fi NiMH sauƙin nauyi, don haka gefen batir ya rage nauyi ba tare da ka taɓa komai ba. In kana da ƙaramin sikelin kicin, auna tsohon da sabon ka ga bambancin.

Na Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Ga gwajin da nake yi, ba ya cin ko dala. Bayan ka daidaita tsawon shokozoba ka mayar da komai, sa batir a ciki, ɗora motar kan gilashi ko tayil mai laushi, ka danna ta sau biyu ta zauna. Ɗora kwandala kan kowace tayar gaba, ɗan gaba da tsakiyar sama. Sa bakin wuƙa daidai tsakiyar ƙasan motar ta gaba ka ɗaga a hankali. Kwandalolin su faɗi tare. In ta hagu ta riga faɗuwa, ka ƙara matse sifirin ɗin baya na dama, ka ɗan sassauta na baya na hagu. Kullum a gicciye ake gyarawa. Sannan ka juya ka yi wa baya haka. Mu nan muna da kwandalar sefa, ku na Najeriya sai ku nemi wosha guda biyu iri ɗaya.

Amma ni abin da na fi zargi shi ne hunturu. Ka ce da damina tana tafiya lafiya. Da damina ruwa yana wanke maka fili kyauta. Yanzu ƙura ce kwance kamar garin tuwo, ka shafa tafin hannu a simintin ka gani.

Ƙaramin Direba:
To duk wannan wahalar, Baba, ai da jairo minti biyar an gama. Kuma ni ba gasar duniya zan je ba.

Baba Makanike:
Ba laifi ka yi wasanka yadda kake so, yaro. Amma shi da ɗansa yake koyo. Yaron da ya saba na'ura tana gyara masa kuskure, hannunsa ba zai taɓa jin lokacin da baya ya fara sauƙi ba. Wannan jin shi ne tuƙin.

Abban Sadiq:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yi yadda kuka ce, kuma ga abin da na samu. Shokozoban baya na dama ya fi na hagu gajarta da kusan milimita 2. Tayar baya ta hagu gam ya saki ta ciki, tsawon kamar gaɓar yatsa. Malama, birkin nan na same shi a kashi 25 cikin 100, na mayar da shi sifili. Boris biyu na baya suna da yashi. Ban taɓa sifirin ba sai ɗan abin da gwajin wosha ya nuna.

Malama Fiziks:
Ka ga yadda suka haɗu a kan kwanar dama? A kwanar dama tayar baya ta dama ita ce ta ciki, ita ce nauyi ke barin ta. Shokozobanta gajere ne, yana kai ƙarshensa da wuri ya ɗauke ta daga ƙasa. Duk aikin ya koma kan ta hagu, ita kuma leɓenta a sake yake. Ga birki yana tura nauyi gaba. Ko ƙafafun zinariya ka saya ba za su gyara wannan ba.

Abban Sadiq:
Na fita da ita jiya. Alhamdulillahi, shiga kwana ta gyaru, dama da hagu duk ɗaya, har na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Amma wata ta fito, ko kuma dama tana nan ban kai gare ta ba. Yanzu wajen fita ne. Da na taka totur tun sitiyari bai gama miƙewa ba sai bayan ya fita waje. Ba ta juyawa gaba ɗaya kamar da, amma sai na saki na sake kamawa.

Baba Makanike:
Wannan kuma dif ne, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayar dama da ta hagu. Buɗe na baya ka cika shi da giris mai kauri. Abin da ke faruwa, tayar ciki ta yi sauƙi tana juyawa a banza, ƙarfin duk yana tsiyayewa ta can. In ka ɗaure shi tayoyin biyu za su tura tare.

Ɗan Ingila:
Baba, ku gafarce ni, a nan ban bi ku ba. Za su tura tare, gaskiya ne, amma a kan ƙura za su kuma zame tare. Dif mai sauƙi a baya yana barin tayar ciki ta sha wahalar, ta waje ta ci gaba da riƙe motar ta gefe. In aka ɗaure shi, da ya taka da LiPo sai biyun su kwance lokaci guda, bayan ya fita fiye da yanzu. Ai masu gasar zamiya kulle na baya suke yi da gangan don su samu hakan.

Na gaba ya kamata a ɗaure. Mota ce mai jan ƙafa huɗu, in dif ɗin gaba ya yi tauri, tayoyin gaba suke jan ta su fitar da ita daga kwana, bayan ya biyo a layi. Motocin tsere na wannan girman da yawansu ma ba su da dif a gaba, sanda ce guda a kulle. Dif ɗin da ya zo a kwalin TT-02 ba a rufe yake ruf ba, mai mai ruwa zai tsiyaye, don haka giris mai ɗanko za a cusa a gaba, na baya a shafa kaɗan kawai. Akwai dif mai riƙe mai da ake sayarwa daban, amma ba yanzu ba.

Baba Makanike:
Na ji hujjarka, kuma batun gaba na yarda. Amma kai a kan kafet da kwalta mai tsabta kake tuƙi. Ni na ga mota da dif ɗin baya sako-sako tana shiga kwana kamar mazari. Ɗan tauri a baya yana kwantar da ita wajen shiga, wannan ba za ka musa ba.

Ɗan Ingila:
Ban musa ba, Baba. Wajen shiga kuna da gaskiya. Sai dai shigarsa ta riga ta gyaru, fita ce ta rage.

Baba Makanike:
To ya fara da gaba. In bai yi ba ya dawo kan nawa.

Malama Fiziks:
Ni ina ganin kafin a buɗe dif akwai abin da ba ya bukatar sukudireba. Injin da ya sa ya fi na kwali ƙarfi nesa ba kusa ba, ga LiPo da ba ya laushi kamar NiMH, cikakkensa bolt 8.4 ne kuma yana riƙe ƙarfinsa in an taka. Taya tana da iyakar abin da za ta iya bayarwa. In ta kashe rabonta wajen riƙe kwana, ɗan abin da ya saura ne na turawa. Ka nemi fiye da haka ta saki duka biyun. A kwantirola akwai saitin zafin tashi, ka sauke shi ƙasa. In rimot ɗinka yana da wurin lanƙwasa totur yadda farkon jan zai yi laushi, ka yi amfani da shi. Ranar da Sadiq zai tuƙa kuma ka rage masa iyakar totur zuwa kashi 70 ko ƙasa.

Ƙaramin Direba:
Malama, wato a sayi inji mai ƙarfi sannan a rage masa ƙarfi? To me aka yi?

Malama Fiziks:
Ƙarshen gudun yana nan, farkon ne aka tausasa. Ka gwada da agogo, zagaye goma a jere, ka ƙirga har da lokacin da kake ɓatawa wajen juyo da mota.

Abban Sadiq:
Tambaya kan shokozoba. Man da ya zo da su ruwan ɗorawa ne. Wani ya ce min in zuba man inji ko na keken ɗinki ya fi arha. Sannan sifirin iri ɗaya ne gaba da baya, ko ya kamata su bambanta?

Ɗan Ingila:
Kada ka zuba. Man siliko ake sawa saboda zafi da sanyi ba sa canza kaurinsa sosai kamar man inji. Da man inji, motar safiyar hunturu daban, ta La'asar daban. Ruwan ɗorawan nan shi ne lamba 400 a jerin Tamiya: 200, 300 da 400 su ne masu laushi, 500 zuwa 700 matsakaita, 800 zuwa 1000 masu kauri. A fili mai santsi 400 ya isa. In bazara ta shigo siminti ya fara ƙona ƙafa, kana iya hawa 500.

Batun sifirin, ƙa'idar ita ce gefen da ya fi laushi ya fi kama ƙasa. In baya ke zamewa, ka tausasa baya mataki ɗaya ko ka taurara gaba mataki ɗaya. Amma ka lura, ƙara zoben matsi a kan sifirin ba ya sa shi tauri, tsayin mota kawai yake ɗagawa. Mutane da yawa suna rikita wannan. Mu a filin tsere muna zama wajen milimita 5 zuwa 6 daga ƙasa. Kai da simintinka ke da gaɓa da ƙananan tsakuwa, ka ba ta 7, bayan ya fi gaba da rabin milimita, kada ya wuce haka.

Na Maraɗi:
Har yanzu ba wanda ya koma kan ƙasa. Tsintsiya dai. Mu kafin mu fara sai mun share layin da za mu bi, mu zagaya a hankali batir guda don tayoyi su ƙarasa sharar. Wasu suna fesa ruwan sukari a filin ajiye motoci, in ya bushe yana kama taya ƙwarai. Na gwada sau ɗaya, ya yi aiki, amma kashegari kiyashi ya cika wurin, kuma da iska ta taso ƙurar ta manne ta zama wani abu dabam. A filin da yara ke buga kwallo ban ba ka shawara ba.

Sannan tayoyin kwali an yi su ne su daɗe, robarsu da tauri. Tayoyin tsere irin Sorex lamba gare su, 28, 32, 36, 40, ƙaramar lamba ta ƙasa mai sanyi, babba ta mai zafi. In za ka kashe kuɗi wuri ɗaya, ni taya zan saya kafin alminiyom. Sai dai a kan ƙura sulɓaɓɓiyar taya ba ta da amfani in ba a share ba, mai zane ta fi.

Abban Sadiq:
To su ƙafafun digiri 3 ɗin fa, a bar su ke nan?

Ɗan Ingila:
A'a, suna da amfani na gaske, ba su ne farko ba dai. Abin da suke yi shi ne su sa hancin tayoyin baya ya ɗan kalli juna. Hakan yana sa bayan ya nace a layi, musamman in an taka. Akwai masu digiri 2.5 da masu 3, kuma kusan duk motar tsere a nan wajen take zama. Farashinsa ɗan ragin gudu a miƙe da ɗan cin taya. Ɗaya abin shi ne kamba, wato saman tayoyin ya ɗan karkato ciki kamar mai gwame, digiri 1.5 zuwa 2, don in mota ta kwanta a kwana tayar waje ta zauna da faɗinta. Hannun sama na kwali ba ya daidaituwa, sai an sayi mai daidaituwa. Ka duba cin tayarka, in gefen waje ya fi cinyewa to tana bukata.

Kada ka raina kamfanin don motarka ta masu farawa ce. A 2002 da aka yi gasar duniya ta wannan aji a Afirka ta Kudu, wani ɗan Tailan, Surikarn, da motar Tamiya ya ci. Taka ƙanwarta ce ta nesa, amma lissafin nauyi da taya ɗaya ne.

Baba Makanike:
Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Wancan karon uku ka canza rana guda, shi ya sa ka rasa mai laifi. Yanzu an jibga maka shawara bakwai. Ka samu ɗan littafi, Sadiq ya riƙe biro. Canji ɗaya, zagaye goma, a rubuta. In ya ɓaci a mayar kafin a taɓa na gaba.

Abban Sadiq:
Na dawo da rahoto, ku yi haƙuri da shiru, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin Asabar biyu. Shara ita ta fi komai tasiri, Na Maraɗi ka yi gaskiya, yaran unguwa ma suka taya mu. Sauke zafin tashi ya biyo baya. Da na cusa giris a dif ɗin gaba, fitar ta miƙe sosai, ina iya takawa tun tsakiyar kwana, sai dai ta ɗan ƙi shiga matsattsiyar kwanar da ke ƙarƙashin kwandon, hancinta yana turawa waje. Na manna ƙarfe kusa da batir ya cike bambancin nauyin da sikeli ya nuna. Sifirin mai laushi a baya na gwada na cire, don ƙasanta ya riƙa gogar siminti a gaɓa. Sadiq ya gama batir guda jiya sau ɗaya kawai ta juya masa, shi ma ya hau inda ba mu share ba.

Baba, ban taɓa dif ɗin baya ba.

Baba Makanike:
Madalla. Bar shi yadda yake tunda ta zauna. Turawar hancin nan, rage giris ɗin gaba kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku, ka sake gwadawa. Kuma ka gaida min Sadiq, ka ce ya rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, don in damina ta dawo motar za ta sake hali.

Ƙaramin Direba:
Yaya, na cire jairon jiya don in gani. Tawa ma tana wulwulawa, amma a hagu. Da me ka auna shokozoban, ruwla ta isa ko sai na nemi ma'aunin kalifa?

Abban Sadiq:
Ruwla na yi amfani da ita, amma ka soka sukudireba siriri ta idanun sama biyu su rataya tare, nan take za ka ga wanda ya fi tsawo. Zo da ita ranar Asabar bayan La'asar, ka taho da tsintsiya.